Darasi na Bakwai: Tsada da Ƙarkon Batir a Cinikin Motar Lantarki

Gabatarwa

Tun da aka janye tallafin man fetur a Nijeriya cikin watan Mayu na 2023, hankalin masu ababen hawa ya soma karkata ga motar lantarki, wato motar da ke tafiya da batir maimakon fetur. Sai dai abubuwa biyu ke sa mai saye ɗari-ɗari: tsadar motar da kuma shakku game da ƙarkon batirinta. Wannan darasi zai nuna cewa damuwoyin nan biyu tushensu ɗaya ne.

Tsadar Mota

Batir shi ne ya fi kowane sashe tsada a jikin motar lantarki, kuma ana auna abin da yake iya ɗauka da ma'aunin kilowat-awa. A 2010 farashin kilowat-awa guda ya haura dalar Amurka 1,000, amma a 2024 ya sauko zuwa kimanin dala 115. Daga cikin dalilan wannan sauƙi akwai yawaitar masana'antu, musamman a ƙasar Sin, da kuma yaɗuwar wani nau'in batir wanda ba ya buƙatar ma'adinan kobal da nikel masu tsada. Duk da haka, sabuwar mota ta fi ƙarfin mafi yawan ma'aikata, don haka sukan koma ga ta hannu. A nan ne batun ƙarko ke tasowa.

Ƙarkon Batir

Batir ba ya mutuwa dare ɗaya. Ƙarfinsa na raguwa ne sannu a hankali, kamar na wayar salula. Abubuwan da ke gaggauta tsufansa sun haɗa da tsananin zafi, da yawan cajin gaggawa, da barinsa a cike maƙil ko fayau na tsawon lokaci. Misali, motar Nissan Leaf ta farko, wadda ta fito a ƙarshen 2010 da batir mai kilowat-awa 24, ba ta da na'urar sanyaya batir. A 2012 masu ita a jihar Arizona ta Amurka, inda ake ƙwallare rana, suka koka cewa batiransu sun ragu da wuri. Wannan ya sa kamfanin ya ƙara garantin shekara 5 a kan raguwar ƙarfin batir. Abin lura ne ga mazauna garuruwa irin su Sakkwato da Maiduguri, inda zafin bazara kan zarce digiri 40.

Abubuwan da Mai Saye Zai Bincika

1. Garanti: kamfanoni da yawa kan ba da shekara 8 ko kilomita 160,000, amma ba lalle ba ne ya bi motar zuwa ƙasar da aka shigo da ita.
2. Lafiyar batir: a gwada da na'ura, a san kashi nawa cikin 100 na ƙarfinsa ya saura.
3. Sanyaya: batirin da ruwa ke sanyayawa ya fi jure zafi.
4. Gyara: a san kuɗin sabon batir da inda ƙwararren makaniki yake.

Kammalawa

Hausawa na cewa araha ba ta ado. Motar hannu mai rahusa wadda batirinta ya gaji tana iya cinye duk abin da aka tsimi daga kuɗin fetur. Ke nan, ainihin farashin motar lantarki ba ya bayyana sai an san shekarun da suka rage wa batirinta.

Auna Fahimta

1. A kawo abubuwa uku da ke rage ƙarkon batir.
2. Wane darasi ke cikin abin da ya faru a Arizona?
3. A tsara yadda za a koyar da wannan nassi ga ɗaliban ƙaramar sakandare.