Darasi: Yadda Baƙo Zai Sami Shagonku a Taswirar Waya

Jama'a 'yan kasuwa da dillalai na Kanya da kewaye, bayan farashin hatsi ga darasin wannan mako. Magana ce a kan taswirar Google da ke cikin wayar hannu.

Kowa ya san abin da baƙo ke yi in ya sauka tasha da kuɗi a aljihu. Dillali yake nema, ya ce ina mai dawa, ina mai waken suya. Shi kuwa dillali yakan kai shi wurin wanda ya san yana da kayan, yana kusa, kuma an shaide shi da amana. To, yanzu wani baƙon tun yana Zuru ko Yawuri ko Kontagora yake buga tambayarsa a waya. Ga yadda hanyoyinmu suka zama a 'yan shekarun nan, ba mai son tasowa da mota sai ya tabbata akwai kaya. In sunanku bai fito ba, ciniki ya tafi Ribah ko Bena.

Kamfanin Google da kansa ya ce abu 3 yake dubawa kafin ya jera shaguna: dacewar shago da abin da aka tambaya, kusancinsa da mai tambaya, da kuma yadda aka san shi. Wato hukuncin dillali ke nan sak. Nisa dai ba yadda za ku yi da shi, shago yana inda yake. Sauran biyun suna hannunku.

Rajistar kyauta ce. Sunanta Google Business Profile tun 2021. Fam ɗin da Turanci yake, saboda haka a nemi yaro mai ilmin boko ya taimaka. Amma ku lura, a buɗe da adireshin Gmail na mai shago, da lambar wayarsa. In yaro ya buɗe da nasa, ran da ya tafi Kaduna neman aiki ya tafi da makullin, ku kuwa ko gyara lambar waya ba ku iyawa.

Suna, a rubuta shi yadda yake a allon ƙofar shago. Waɗansu kan cusa masa "mai araha, mai masara, mai taki, na ɗaya a Kebbi". Wannan ya saɓa wa dokar Google, suna iya dakatar da shafin. Kayan da kuke sayarwa akwai gurbinsu dabam. Akwai kuma wurin zaɓen irin sana'a, a zaɓi wadda ta fi kawo muku kuɗi a sa ta farko.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne wurin dasa alamar nan ja a kan taswira. Kanya ba ɗaya ba ce a ƙasar Hausa, akwai Kanya Babba can Jihar Jigawa, balle ma sunan itace ne. In aka bar waya ta zaɓa da kanta, tana iya jefa sitonku wata jiha, ko tsakiyar daji. Mai shago ya tsaya a bakin ƙofarsa da wayar, ya jira ɗigon shuɗi ya natsu, sannan a dasa alamar nan daidai. A rubuta Kanya, Ƙaramar Hukumar Danko-Wasagu, Jihar Kebbi, cikakke. Da yake layukanmu ba su da suna ko lamba, Google na ba kowane wuri wata gajeriyar lamba mai haruffa da alamar tarawa, Plus Code. A kwafe ta, a riƙa aika wa direbobi.

Daga nan sai su nemi shaidar shagon naku ne. Wani lokaci saƙo suke turowa a waya, sau da yawa kuwa bidiyo suke so, a ɗauka ba yankewa: a nuna hanya, a nuna allo, a nuna kuna buɗe kwaɗo da makullinku. Wanda ba shi da allo ya fara zuwa wurin mai fenti. Dillalin da ba shi da rumfa, shi ke zuwa wurin mutane, yana iya ɓoye adireshin gida ya lissafa garuruwan da yake aiki, har 20.

Lokacin buɗewa da rufewa a faɗi gaskiya, har da tashi sallar Juma'a ko zuwa coci ran Lahadi. Lambar da aka sa ta zama wadda ake ɗauka. Hotuna kuwa na shagonku, buhuna a jibge, tiya a kan tsibi, ba na intanet ba. Farashi kada a sa shi cikin bayanin shago, don na kaka ba shi ne na bazara ba, kuma baƙon da ya zo da tsohon farashi a ka rigima zai yi.

Saura shahara. Wanda ya saya yana iya ba ku tauraro 1 zuwa 5, ya rubuta abin da ya gani. In an gama lodi an biya, ku roƙe shi: "Alhaji, don Allah a sa mana shaida a waya." Kada a ba shi ragi ko gyara don ya yaba, kada kuma a tara 'yan uwa su rubuta yabon ƙarya, Google ya hana duka biyun kuma yana goge su. In wani ya rubuta cewa ya sami tsakuwa a buhu, a amsa masa a nan cikin ladabi, a faɗi yadda aka sasanta. A ganina wannan amsa ta fi yabo goma jawo ciniki, don mai sari ya san ba hatsin da ba ya zuwa da matsala, abin da yake son sani shi ne halin mai shago in ta zo.

Akwai masu bugo waya su ce daga Google suke, a biya su ɗaga shago sama, ko kuwa za a rufe shi. Google ba ya sayar da matsayi a wannan jeri. Talla ta kuɗi dabam take, kuma akan rubuta a kanta cewa talla ce. In suka nemi lambar sirrin da aka turo muku, ku kashe wayar.