Gyaran Kuskure a Wasan Dabo: Nazari Daga Ƙasar Tambuwal da Kebbe

Gabatarwa

Dabo, wanda ake kira rufa-ido ko siddabaru, wasa ne na nuna abin mamaki a bainar jama'a, kamar mayar da takarda kuɗi ko ɓatar da abu daga tafin hannu. A ƙasar Tambuwal da Kebbe, kudancin jihar Sakkwato, dandalinsa shi ne kasuwannin mako da bukukuwan salla, kamar sauran ƙasar Hausa. Jarin ɗan dabo yardar 'yan kallo ce. Idan asirinsa ya tonu sau ɗaya, labari kan riga shi isa kasuwa ta gaba, kyauta ta yanke. Wannan maƙala ta nuna cewa da harshe ake gyara kuskuren da hannu ya yi.

Hanyoyin Gyara

Hanya ta farko ita ce sayen lokaci. Da zarar abu ya ƙi, sai makaɗi ya tsananta kiɗa, ɗan dabo ya ɓarke da kirari yana zagaya fili. Idanu na bin sa, yaronsa na daidaita kaya.

Ta biyu ita ce jingina laifi ga abokin hamayya. Al'ada ta yarda kowane asiri yana da makari, don haka yakan shelanta cewa wani a cikin taro yana karya masa aiki. Nan take gazawa ta koma gasa, nasarar da ta biyo baya ta ninka daraja.

Ta uku ita ce barkwanci. Yakan tsokani yaronsa ko shi kansa har dariya ta ɓarke, jama'a su ɗauka da gangan ya yi.

Iyakar Dabara

Waɗannan hanyoyi ba su da amfani inda rai ke cikin haɗari. Ɗan tauri da wuƙa ta kama, ko gardi da maciji ya sara, magani yake buƙata kafin kirari. A Landan, cikin 1918, harsashi ya kashe William Robinson, mai laƙabin Chung Ling Soo, yana tsakiyar wasan cafe harsashi.

Kammalawa

Gwanin dabo yakan tanadi mafita tun kafin ya shiga fili. Saboda haka ya dace manazarta su ɗauki kirari da ba'a da shelar ɗan dabo a matsayin adabin baka mai cin gashin kansa, su taskace su daga bakin masu yin sa.