Tattabaru, Huhu da Gwajin Jini

Da yawa daga cikinmu mun tashi a gidajen da ake kiwon tattabaru, wasunmu ma su ne masu share musu ɗaki lokacin hutu. Busasshen kashin tsuntsu da farar hodar da ke jikin gashinsa sukan tashi cikin iska, mu shaƙa. Ga yawancin mutane ba abin da yake faruwa. Amma akwai waɗanda garkuwar jikinsu take ɗaukar wannan ƙura kamar abokin gaba, har huhu ya kumbura. A shekarar 1965 ne likitoci a Amurka suka bayyana wannan ciwo ga masu kiwon tattabaru.

Awa 4 zuwa 8 bayan shiga ɗakin tsuntsayen, sai zazzaɓi da busasshen tari da ƙarancin numfashi su taso. Da yake alamun suna kama da na tarin fuka, mutum zai iya daɗewa yana shan maganin da ba nasa ba.

A nan gwajin jini yake shigowa. Mun koya a darasin Bayoloji cewa jiki yana ƙera sojoji na musamman, wato antibodi, domin kowane baƙon abu da ya shige shi. A ɗakin gwaji ana haɗa ruwan jinin mara lafiya da sinadarin da aka samo daga kashin tsuntsu ko gashinsa, a ga ko akwai antibodi irin na IgG da za su kama shi.

Sai dai mu lura da kyau. Gwajin yana nuna cewa jiki ya haɗu da tsuntsaye ne kawai. Masu kiwo da yawa suna da waɗannan antibodi, kuma lafiyarsu lau. Wani kuma yana da ciwon, amma gwajin bai nuna komai ba. Shi ya sa likita yake haɗa sakamakon da hoton ƙirji na CT, da awon ƙarfin numfashi, da abin da muka gaya masa da bakinmu. Idan ba mu ambaci tattabarun ba, ba lalle ya yi tunanin gwajin ba.

Babban magani shi ne rabuwa da tsuntsayen, abin da yake yi wa masu kiwo wuya ƙwarai. Idan aka ci gaba da shaƙar ƙurar shekara da shekaru, huhu yakan yi tabon da ba ya warkewa. Har matashin kai da aka cika da gashin tsuntsu akan fitar da shi daga ɗakin kwana.