Darasin Noma: Renon Magaryar Aure a Ƙarƙashin Rumfa



Dashen itace tsohon aiki ne a ƙasarmu. A shekarar 1975 aka fara dasa layukan dogon yaro a kwarin Majiya, cikin ƙasar Buza, da taimakon ƙungiyar CARE, domin a tare iska. A shekarar 1984 kuma aka buɗe babban aikin raya karkara na Keita da kuɗin ƙasar Italiya. Mata sun ɗauki duwatsu a ka, aka dasa miliyoyin itatuwa a kan tuddai da faƙo. Waɗancan itatuwa aikinsu riƙe ƙasa da tare iska. Darasinmu na yau ya shafi itacen da ake ci, ake kuma kai wa kasuwa, wato magaryar aure.

Mece ce magaryar aure?

Kowa ya san magaryar daji. Tana jure fari, amma ƴaƴanta ƙanana ne, ƙwallo ya fi tsoka yawa. A ƙasar Indiya akwai wasu irin magarya masu manyan ƴaƴa, kamar Gola da Umran. A shekarun 2000 cibiyar binciken noma ta ICRISAT da ke Sadore, kudu da Yamai, ta yaɗa su a Nijar. Ana kiran su tuffar Sahel.

Ga yadda ake auren, wanda waɗansu ke kira girefe. Ana yanko reshen magaryar Indiya, a haɗa shi da gindin magaryar daji, a ɗaure da leda har su manne. Gindin ya san ƙasarmu, shi ke neman ruwa. Reshen kuma shi ke ba da manyan ƴaƴa. Itace ɗaya ne a ido, amma asalinsa biyu. Wanda ya riƙe wannan magana ya fahimci rabin darasin.

A lura: in ka shuka ƙwallon tuffar Sahel, babu tabbas za ka sami irin uwar. Sai an yi aure.

1. Rumfa

A ƙasashen sanyi, kamar Faransa, ana gina wa tsirrai masu rauni ɗakin gilashi domin ya riƙe masu ɗumi. Mu a nan zafi ne ya yi mana yawa, saboda haka rumfa muke yi.

A kafa rumfa kusa da rijiya, tsayinta kamar mita 2. A rufe ta da karan hatsi ko tsohuwar zana, amma kada a cika rufin. A bar hasken rana yana ratsawa kaɗan-kaɗan. Tsiron da ya zauna cikin duhu yakan yi tsawo, ya yi siriri, ba shi da ƙarfi. A kare gefen gabas da zana saboda iskar hunturu. A kewaye wurin da ƙaya, domin akuya ɗaya tana iya cinye aikin wata uku cikin hantsi guda.

2. Ƙasar cikin leda

Ana renon tsiro a cikin baƙar leda. A duba ƙasan ledar, a tabbata akwai huji da ruwa zai fita. Idan za a cika leda, a haɗa kwano 2 na rairayi da kwano 1 na taki wanda ya ruɓe sarai. Ɗanyen taki yana ƙona saiwa, yana kuma kiran gara.

3. Ban ruwa

A nan ne yawancin masu farawa suke yin kuskure, ni ma ban tsira ba. Shekarar da na fara, na sayi tsiro 5. Don tsananin so, nakan cika masu ruwa safe da yamma. Kafin wata ɗaya ganyen 3 ya yi rawaya, ya zube. Da na farke leda, sai na tarar saiwar ta yi baƙi, ta ruɓe. Saiwa tana shan iska kamar yadda take shan ruwa. Idan ƙasa ta jiƙe kullum, iska ba ta shiga.

Ga dabara mai sauƙi. Kafin ka zuba ruwa, tura ɗan yatsanka cikin ƙasar ledar. Idan ka ji damshi, bari sai gobe. Idan ka ji ta bushe, zuba a hankali har ruwa ya fara ɗigowa ta hujin ƙasa, sa'an nan ka tsaya. A ba da ruwa da sassafe ko da la'asar sakaliya. Da bazara ƙasa tana saurin bushewa, sai a duba kowace rana. Da hunturu a rage.

4. Tohon gindi

Wannan shi ne babban abin lura. Dubi jikin tsiron, za ka ga ɗan ƙulli inda aka haɗa auren. Duk tohon da ya fito sama da ƙullin na magaryar Indiya ne, a bar shi. Duk tohon da ya fito ƙasa da ƙullin na magaryar daji ne, a cire shi. Sau da yawa ganyensa ya fi ƙanƙanta, ƙayarsa ta fi yawa.

Tohon daji ya fi kusa da saiwa, shi ke fara shan ruwa da abinci. Idan aka ƙyale shi, sai ya yi ƙarfi, reshen aure ya rame ya bushe. Mai garka ba ya ganewa, domin itacensa kore ne shar. Sai bayan shekara biyu ko uku ya ga ƙananan ƴaƴa irin na daji. Kuɗinsa ya tafi, ruwan da ya ja ya tafi, shekaru sun wuce. Wani ma har ya zargi wanda ya sayar masa, alhali kuwa laifin na rashin dubawa ne.

A zaɓi rana ɗaya a mako, misali ranar kasuwa, a bi tsirrai ɗaya bayan ɗaya. Toho ƙarami ana cire shi da farce. Wanda ya yi ƙwari a yanke shi da wuƙa mai kaifi da tsabta. Wannan aiki zai ci gaba har bayan an dasa itacen a garka.

Ledar da aka ɗaure auren da ita, a kwance ta idan sabon reshe ya kama ya yi ganye sosai. Idan ta daɗe, takan shaƙe itacen.

5. Ɗaga leda

Saiwar magarya tana saurin nutsewa. Idan leda ta daɗe wuri ɗaya, saiwa za ta fita ta huji ta kama ƙasa, ranar ɗauka kuma sai ta tsinke. Kowane mako biyu a ɗaga ledar, a sauya mata wuri. Idan saiwa ta leƙo, a datse ta da wuƙa.

6. Shirin fita

Yaron da ya girma a ɗaki ba a kai shi noma wuni guda ranar farko. Mako biyu ko uku kafin dashe, a riƙa rage rufin rumfa, a kuma rage ruwa kaɗan, har tsiro ya saba da rana.

A dasa idan damana ta zauna, cikin watan Yuli. Kada a wuce ranar itace ta ƙasa, 3 ga Agusta, da nisa. A haƙa rami mai faɗin santimita 50 da zurfin santimita 50. A bar mita 5 ko 6 tsakanin itace da itace. A yanke ledar a cire ta, kada a fasa dunƙulen ƙasar. Ƙullin aure ya tsaya sama da ƙasa, kada a binne shi. A faƙo, a yi masa rabin wata domin ya tara ruwan sama.

Amfaninta ga lafiya

Magaryar aure takan fara ƴaƴa cikin shekara ɗaya ko biyu, tana nuna da sanyi. Ƴaƴanta suna da bitamin C mai yawa, wanda ke ƙarfafa dasashi, yana taimakon rauni ya warke. A wanke su da ruwa mai tsabta. A ba yaran gida nasu kafin a kai saura kasuwa. Ga ƙaramin yaro, a cire ƙwallon tukuna, kada ya shaƙe shi.

Tambayoyi domin ajin karatu

1. Wane toho ake cirewa, kuma don me?
2. Yaya za ka gane tsiro yana son ruwa?
3. Za ka haɗa ƙasa da kwano 12 na rairayi. Kwano nawa na taki za ka sa?

Wanda ke neman tsiro mai kyau, ko yana son koyon auren da hannunsa, ya tuntuɓi ma'aikacin gandun daji ko malamin gona na gundumarsa. Wanda ya karanta kuma, ya karanta wa maƙwabcinsa. Allah ya ba mu damana mai albarka.