Darasin Harshe: Kalmar "Ciki"

Wannan makon mun ɗauko kalmar da muke faɗa sau ɗari a yini ba mu lura ba, wato ciki.

Asalinta dai wurin tuwo ne. Ka je wurin mahauci ka ce kayan ciki, zai yanko maka hanji da tumbi da hanta. Daga nan ta yaɗu zuwa duk abin da ke ƙunshe da wani abu: cikin shago, cikin buhu, cikin gari. Mace ma takan yi ciki, ko da yake a gaban manya mun fi cewa tana da juna biyu. Waɗanda uwa ɗaya ta haifa kuwa ciki ɗaya suke.

Amma Bahaushe ya ce ba don tuwo kaɗai aka yi ciki ba. A nan yake ajiye sirri da tsoro da murna. Mai zurfin ciki shi ne wanda zai tafka asarar mota guda ta albasa, ku yi sallah sahu ɗaya, ba ka ji ba. Mai bugun ciki zai ja ka da hira har ya gano nawa ka saro kaya. Mai bin ka bashi ya tsaya ƙofar shago, cikinka ya ɗuri ruwa. Maƙwabtanmu Yarbawa ma haka suke: "inu" ciki ne, in ɗayansu ya ce "inu mi dun", farin ciki yake nufi. Har "baɗini" da malamai ke haɗawa da "zahiri", tushenta kalmar ciki ce ta Larabci.

Inda muke so a tsaya shi ne baƙin ciki, don fuska biyu gare shi. "Na yi baƙin cikin abin da ya same ka", jaje ne. "Ina yi maka baƙin ciki" kuwa hassada ce tsagwaronta, wato ba na son alherin da Allah Ya ba ka. Mun taɓa jin yaro haifaffen nan ya je jajen gobara, ya durƙusa ya ce, "Kawu, muna yi maka baƙin ciki." Kawun ya gane nufinsa, ya ce Allah Ya yi albarka. To, ba kowa ne zai gane ba, balle in an tafi da yaron Arewa cikin dangi.

Gyaran kalma ɗaya ce: taya. "Muna taya ka baƙin ciki", kamar yadda ake taya mutum farin ciki ranar suna. Iyaye, a gwada yaran yau bayan an sauko daga masallaci, a ji wacce za su faɗa.