Alama Ɗaya, Ma'anoni Da Yawa: Aikin << A Harshen C++

Ɗalibin nahawu ya san cewa aikatau "ci" ba ya tsayawa kan ma'ana guda: cin tuwo daban, cin jarrabawa daban, cin amana kuma daban. Karɓau ne ke tantance ma'anar. Haka alamar << take a C++, harshen kwamfuta da Bjarne Stroustrup ya fara ƙirƙira a Amurka a 1979. A harshen C, inda aka gado ta, aikinta gusar da ƙwayoyin lamba zuwa hagu. Idan kuwa cout ne a hagunta, ma'anarta ta koma "fitar da wannan a allo".

Sai dai cout bai san komai ba face lambobi da rubutu. A ƙaddara wani malami a Wurno ya tsara rukuni mai suna Dalibi, ɗauke da suna, gari da maki, domin yaran Wurno, Rabah da Goronyo. In ya rubuta cout << d, kwamfuta za ta ƙi, har sai ya ƙara wa alamar sabuwar ma'ana:

ostream& operator<<(ostream& fita, const Dalibi& d) {
    fita << d.suna << ", " << d.gari << ", " << d.maki;
    return fita;
}

Ana rubuta wannan a wajen rukunin, domin abin da ke hagun alamar ba Dalibi ba ne. Layin return fita kuwa, wanda masu koyo suka fi mantawa, shi ke ba da damar jera cout << a << b, tun da daga hagu ake karanta jimlar, kowace alama tana miƙa wa ta gaba.

Akwai matsalar da ta shafi Hausa kai tsaye. A tsarin UTF-8, haruffa masu lanƙwasa, wato ɓ, ɗ da ƙ, kowanne gurbi biyu yake ci, alhali b, d da k ɗaiɗai suke ci. Umarnin setw, mai daidaita faɗin layi, gurabe yake ƙirgawa, ba haruffa ba. Saboda haka layin Ɗanladi zai karkace daga na Bello a takardar sakamako. Wasu kan share lanƙwasar don layi ya miƙe, wanda kuskure ne: sunan yaro aka ɓata. Gyaran yana cikin aikin da ke sama, inda malamin zai ƙirga haruffan da kansa, ya cike gibin.

Aikin yi: a sake rubuta misalin yadda gari zai riga suna fitowa.