Mu haɗa kayan wankin mota da kuɗi kaɗan

Garin Gaya mahaɗar hanyoyi ne. Hanyar Doso ta biyo ta nan. Malanbil ta ƙasar Benin tana tsallaken kogin Isa, Kamba ta Najeriya kuma tana gabas da mu. Inda motoci da babura suke kai da kawowa, mai wanki ba ya rasa abin sawa a baki. Sai dai matasa da yawa suna cewa ba su da kuɗin injin wanki.

Injin yana da tsada, yana shan mai, yana kuma lalacewa. Mu tuna da watan Yuli na 2023, lokacin da aka rufe iyaka da Benin, manyan motocin Kwatano suka daina ƙetare gada. A irin wannan hali, wanda ya ci bashin inji shi ne zai fi shan wuya. Hausawa sun ce da ruwan ciki ake jan na rijiya. Saboda haka mu fara da abin da muke da shi.

Kayan da za mu tanada

Muna bukatar tano na roba mai cin lita 200, da kan famfo guda, da tiyo mai tsawon mita 5. Sai bokiti 2, da soso mai laushi, da tsumma mai tsabta, da buroshi na wanke taya, da sabulu. Na ƙarshe shi ne famfon feshi na goyawa, irin na manoma, mai cin lita 15 ko 16.

A nan akwai kashedi babba. Famfon feshin ya zama sabo. Wanda aka taɓa zuba wa maganin ƙwari ba ya rabuwa da guba ko an wanke shi, kuma gubar tana shiga jiki ta fata da ta numfashi. Haka nan kada mu sayi tano ko bidon da ya taɓa ɗaukar maganin gona. Tanon ƙarfe da aka zuba wa fetur kuwa, kada a kai shi wurin mai walda, domin tururin man da ya rage yana iya fashewa.

Yadda za mu haɗa su

1. Mu gina dakali mai ƙarfi da bulo, tsayinsa mita 1 da rabi. Lita 200 na ruwa nauyin kilo 200 ne. Dakali marar ƙarfi yana iya rushewa a kan yaro.

2. Mu huda tano taƙi ɗaya sama da gindinsa. Ta haka laka za ta kwanta a ƙasa, ba za ta biyo tiyo ba.

3. Mu sa kan famfo a hudar. Mu yanko robar cikin taya, mu sa ta ciki da waje, mu ɗaure tamau don kada ya yi yoyo.

4. Mu cusa tiyo a bakin famfo, mu ɗaure da waya.

5. Mu rufe tano da murfi kullum. Idan ruwan kogi ne, mu bar shi ya kwana ya kwanta, domin yashi yana karce fenti.

Ruwan tiyo yana saukowa ne da nauyinsa, ba shi da ƙarfi sosai. Shi ne na jiƙa mota da cika bokiti. Famfon feshi shi ne mai ƙarfi, da shi ake korar taɓo daga ƙarƙashin mota da tsakanin wayoyin taya.

Yadda ake wanki

Mu ajiye mota a inuwa, mu jira inji ya huce. Mu fara jiƙa ta don ƙura ta sauka. Bokiti ɗaya na ruwan sabulu ne, ɗayan na ɗauraye soso. Mu fara daga sama mu sauko, taya ita ce ta ƙarshe. Idan babur ne, kada mu fesa ruwa cikin salansa ko kan wayoyin wuta. Bayan ɗauraya, mu goge da tsumma.

Ina ruwan wanki zai tafi?

Waɗansu suna shiga da mota bakin kogi su wanke. Wannan yana da illa biyu. Baƙin mai da sabulu suna ɓata ruwan da masunta da masu lambu da dabbobi suke amfani da shi. Sannan mai tsayawa cikin ruwa yana iya kamuwa da tsargiya. Ƙwayar cutar tana fitowa daga ƙananan dodon koɗi, ta huda fata. Wanda ya ga jini a fitsarinsa, ya hanzarta zuwa likita, akwai magani.

A cikin gari kuma, ruwan da ya kwanta gidan sauro ne. Gaya tana cikin yankin da ya fi samun ruwan sama a Nijar, kuma a lokacin zafi kwana 10 sun isa ƙwan sauro ya zama mai cizo. Don haka mu haƙa rami mai faɗin mita 1 da zurfin mita 1, mu cika shi da duwatsu, manya a ƙasa, ƙanana a sama. Mu ja ƴar kwata daga wurin wanki zuwa ramin. Ramin ya nisanci rijiya da mita 30. Kada mu shayar da kayan lambu da wannan ruwa. Rigakafi ya fi magani.

Wanda ya riƙe sana'arsa da tsabta, yana ajiye wani abu kowace rana, wata rana zai sayi inji da kuɗinsa, ba da bashi ba.

Mu tattauna a aji

1. Me ya sa ba a wanki da tsohon famfon feshi?

2. Bido nawa na lita 25 ne za su cika tano?

3. Idan ƙaramar mota tana cin lita 40, motoci nawa tano ɗaya zai wanke?

4. A unguwarmu, ina ruwan wanki yake kwanciya, kuma wa zai haƙa ramin?